Raunin Mazakuta: Daga Ina Yake Tasowa?

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kudancin Kano, daga Ƙofa da Bebeji zuwa Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, har Tudun Wada da Doguwa, ya san motar nan mai amsa-kuwwa a ka. Mai ita yakan jero cututtuka ɗaya bayan ɗaya: basir, sanyin mara, ciwon baya, sa'annan ya sauke murya ya ambaci wanda ya tara masa jama'a, wato rashin ƙarfin namiji. Magidanta ba su cika matsowa kusa ba. Sai a ga dattijo can gefe yana taya buhun masarar da ba saye zai yi ba, kunnensa na wurin motar. In an watse ya aiki yaro da kuɗi a dunƙule.

Kunya ce ke jawo haka, kuma ita ta sa maza da yawa suna sayen maganin ciwon da ba su san mafarinsa ba.

Likitoci na cewa namiji yana da raunin mazakuta idan gabansa ya ƙi miƙewa, ko ya miƙe ya kwanta kafin a biya bukatar aure, kuma abin ya yi ta maimaituwa wata da watanni. Kasawar dare guda bayan wunin huɗa ko girbi gajiya ce kawai. Haka kuma saurin inzali daban, rashin haihuwa daban. Ciwon ya yaɗu fiye da yadda ake zato: wani bincike da aka wallafa a 1994, wanda aka yi kan maza 1,290 'yan shekara 40 zuwa 70 a jihar Masacusets ta Amurka, ya samu kashi 52 cikin 100 suna da raunin, wasu kaɗan, wasu sosai.

Yadda abin yake aiki

Manomin rani da ke ban ruwa daga madatsar Tiga zai fi kowa saurin ganewa. Kafin fangali ya cika, sai an samu mai buɗe ƙofar ruwa, sai magudana ta kasance a share, sai kuma gefen fangalin ya riƙe ruwan. Haka jikin namiji yake. Ƙwaƙwalwa ce ke aika umarni ta laka da jijiyoyin saƙo. Umarnin yana sa hanyoyin jini su saki su buɗe, jini ya kwararo cikin wasu tsokoki biyu masu kama da soso. Da sun cika sai su danne hanyoyin da jini ke komawa, ya tsaya. Duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan uku yana iya kawo rauni.

Suga da hawan jini

A wurin magidancin da ya haura 40, yawanci magudanar ce ke cushewa. Ciwon suga, hawan jini, yawan maiƙo a jini da ƙiba suna lalata bangon hanyoyin jini, su ƙuntata su sannu a hankali.

Nan ne wurin lura. Faɗin hanyar jinin gaba milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Manomi ya sani ƙaramar magudana ke fara cikewa da taɓo kafin babba. Don haka raunin mazakuta yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Mutumin da ya ga canji a shimfiɗarsa, jikinsa ne ke sanar da shi abin da ke tafe, tun yana da sauran lokacin gyara.

Ciwon suga ɓarnarsa biyu ce, domin yana cin hanyoyin jini yana kuma kashe jijiyoyin saƙo. Fiye da rabin maza masu shi suna haɗuwa da wannan rauni, kuma yakan zo musu shekara 10 zuwa 15 kafin sa'o'insu. Wasu ma ta nan ake fara gano ciwon, bayan sun daɗe suna fama da ƙishirwa da yawan fitsarin dare ba su kula ba. Maganar da ake yi cewa zaƙi na kashe namiji tana da ƙamshin gaskiya, amma ta wannan hanya: shayi mai cokali huɗu na sukari safe da dare, lemon kwalba, zaman shago ba motsi, sai tumbi, daga tumbi sai suga. Hawan jini shi kuma ba ya sallama. Mutum na iya shekara biyar da shi ko ciwon kai bai yi ba.

Abin da mutum ke kai wa cikinsa

Taba tana tsuke hanyoyin jini, ko sigari ce ko shisha. Giya tana dakushe jijiyoyi ta kuma taɓa hanta.

Sai ƙwaya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayun 2018 ne kuma gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Matashi ɗan ƙwadago yakan sha tiramadol don ya yi aikin mutum biyu a gona, wani kuma don ya jima a shimfiɗa. Da tafiya ta yi nisa, tiramadol da kodin suna rage testostiron, sinadarin da ke riƙe sha'awar namiji. Abin da aka sha don ƙarin ƙarfi shi ke mayar da ɗan shekara 28 kamar tsoho.

Wasu magungunan asibiti ma suna da hannu, kamar wasu na hawan jini, na ciwon damuwa da na taɓin hankali. Kuskuren da ake yi shi ne a ajiye maganin a ɓoye, hawan jinin ya dawo har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Likita yana da wasu da zai canja, in an gaya masa.

Rauni da sikila

Haɗarin mota ko babur, irin wanda ake gani a hanyar Kano zuwa Zariya da wadda ta ratsa dajin Falgore, idan ya taɓa laka ko ya karya ƙashin ƙugu, yana iya yanke saƙon tun daga tushe. Haka ma aikin tiyata a furostet, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsara.

Masu sikila suna da tasu jarrabawar. Gaban yaro ko saurayi yakan miƙe ba tare da sha'awa ba, da zafi mai tsanani, ya ƙi kwanciya. Idan ya wuce awa 4, asibiti za a nufa ko tsakar dare ne, domin jinin da ya maƙale yana kashe tsokar, raunin ya zama na dindindin. Yara da yawa kunya ke hana su gaya wa iyaye, saboda haka uba ne ya kamata ya fara yi wa ɗansa maganar.

Abin da ke cikin rai

Akwai wanda jininsa lafiya lau, tunani ne ya kayar da shi. Ango a daren farko, ga tsoro ga gajiyar biki. Magidancin da damina ta ƙi, bashin taki na wuyansa. Mai mata biyu ko uku da ke fargabar a ce bai yi adalcin kwana ba. Idan aka kasa sau ɗaya, tsoron maimaitawa shi ke kawo na biyu, gori kuma ya ƙara dagula shi.

Akwai alamar da ke taimakawa. Wanda abin ya zo masa farat ɗaya, yana kuma farkawa da asuba da ƙarfinsa, ko ya kasa a ɗaki ɗaya ya iya a wani, galibi matsalar a rai take. Wanda abin ya zo masa sannu-sannu, har na asubar ya ɗauke, sai a duba jini. Sau da yawa kuma biyun a haɗe suke.

Basir, sanyi da ɗauri

Basir kumburin jijiyoyin dubura ne, ba shi ke hana jini isa gaba ba. Mai shan jiƙe-jiƙen basir shekara uku yana iya kasancewa suga ne ke cinsa. Ciwon sanyi yana bukatar magani na gaske, mai shi da iyalinsa tare, amma ɓarnarsa ta fi yawa a hanyar fitsari da haihuwa. Wanda kuma yake zargin an ɗaure shi, addu'a ba ta hana awon jini, kuma zargin matar gida ba hujja yakan rushe aure ciwon yana nan. Malaman fiƙihun Malikiyya sun ɗauki abin a matsayin larura mai neman magani. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an ba mijin da ya kasa tun farkon aure wa'adin shekara guda kafin a yi maganar rabuwa.

Ƙwayar bakin kasuwa

A 1998 aka amince da sildenafil a Amurka da sunan Viagra. Tun asali don ciwon ƙirji aka fara gwada shi, kuma aikinsa buɗe hanyoyin jini ne. Yana taimakon mutane da yawa a hannun likita, amma ba ya warkar da suga ko hawan jini. Idan ya haɗu da magungunan zuciya masu naitiret, kamar wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Hukumomin kula da magunguna, har da NAFDAC, sun sha gargaɗi cewa ana zuba shi a ɓoye cikin wasu tsumi da garin da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Mai saye bai san abin da ke ciki ba, balle adadinsa.

Inda za a nufa

Matakin farko awo biyu ne, na hawan jini da na suga, kuma ana yin su a manyan asibitocin Tiga, Tudun Wada da Doguwa cikin ɗan lokaci. Barin taba, rage tumbi, tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum da isasshen barci suna dawo wa wasu da ƙarfinsu ba tare da ƙwaya ba. Idan abin ya fi haka, akan tura mutum Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mai zuwa awon suga ya tafi da safe kafin ya karya kumallo, ya kuma riƙe kwalayen duk magungunan da yake sha don likita ya gani, har da kwalbar da yaro ya karɓo masa daga motar kasuwa.