Amsoshin Tambayoyinku: Kotun 'Yan Mazan Jiya a Amurka, Gata Ce ko Adalci?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Na ji a rediyo wai a Amurka akwai wata kotu ta musamman da ake kai tsofaffin sojoji idan sun yi laifi, maimakon a ɗaure su sai a tura su asibiti. Da gaske ne? In da gaske ne, wannan ba son kai ba ne? Ai ni a sanina doka ɗaya ce ga kowa."

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai akwai sauran bayani.

Da farko kada a haɗa ta da kotun soja, wadda ke hukunta sojan da ke bakin aiki bisa dokokin bariki. Wannan kotun farar hula ce, galibi ta jiha ko ta gunduma, kuma yawancin waɗanda ake gurfanarwa a gabanta sun riga sun tuɓe kaki sun koma gida.

Asalinta daga birnin Buffalo ne a jihar New York, a hannun wani alƙali mai suna Robert Russell. Ya daɗe yana jagorantar kotun masu shaye-shaye da ta masu taɓin hankali, irin tsarin da aka faro a Miami a 1989, inda ake tilasta wa mai laifi neman magani a ƙarƙashin idon alƙali. Wata rana aka kawo masa wani tsohon sojan yaƙin Biyetnam. Mutumin ya tsaya kai a sunkuye, ba ya ɗaga ido, amsa ma da ƙyar take fita, magani kuma ya ƙi ci gaba. Sai alƙalin ya roƙi wasu ma'aikata biyu da ke wurin, waɗanda su ma tsofaffin sojoji ne, su fita da shi waje su yi magana. Da aka sake kiran ƙararsa, sai ga shi ya shigo ya ƙame irin tsayuwar soja, ya dubi alƙali ido cikin ido, ya yi alkawarin zai ƙara ƙoƙari. Abin da likita da lauya suka kasa, 'yan'uwansa na kaki sun yi shi cikin ɗan lokaci. Daga nan Russell ya ware wa 'yan mazan jiya ranarsu ta zama, aka buɗe kotun a watan Janairun 2008. An taɓa gwada makamanciyarta a Anchorage ta jihar Alaska tun 2004, amma tsarin Buffalo ne sauran jihohi suka kwaikwaya. Yau akwai irinta fiye da 600 a faɗin ƙasar.

Me ya sa ta yaɗu haka? Yaƙi ne. Bayan 2001 Amurka ta tura sojoji fiye da miliyan 2 zuwa Afganistan da Iraƙi, wasu sau biyu, wasu sau uku ko fiye. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙiyasta cewa tsakanin 11 zuwa 20 cikin kowane 100 daga cikinsu na fama da ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD. Wasu kuma girgizar bam ta taɓa musu ƙwaƙwalwa ba tare da an ga jini ba. Ka ɗauki mutumin da ya dawo gida lafiya ƙalau a ido, amma ba ya iya zama a ɗaki ya ba ƙofa baya. Yana tuƙi ya hango leda a gefen titi, sai ya fizge mota, domin a inda ya fito irin wannan ledar ce ke tashi da mutane. Dare ya yi barci ya gagara, sai ya nemi barasa ko ƙwaya ta kwantar da shi. Ƙarshenta 'yan sanda su kama shi da tuƙi cikin maye, ko faɗa, ko ƙwaya a aljihu. Ƙididdigar ma'aikatar shari'a ta 2011 zuwa 2012 ta nuna tsofaffin sojoji kusan 181,500 ne a tsare, wato kashi 8 cikin 100 na dukkan fursunonin ƙasar.

To, kada ka ɗauka sakin mutum ake yi ya tafi abinsa. Shiga ba dole ba ce, amma a kotuna da yawa sai ya fara amsa laifinsa. Sannan a ɗora shi kan tsari na shekara ɗaya zuwa biyu. Zai riƙa zuwa gaban alƙali a kai a kai, da farko kusan kowane mako. Ana gwada fitsarinsa ba tare da sanarwa ba. Zai je wurin likita, ya nemi aiki ko makaranta. Tun 2009 ma'aikatar tsofaffin sojoji ke da jami'ai na musamman da ke zama a cikin kotun, su duba ko ya je asibiti, su sama masa gado ko muhalli. Ana kuma haɗa shi da wani tsohon soja ɗan sa-kai, wanda ba lauya ba ne ba likita ba, aikinsa kawai ya tsaya a gefensa ya ɗauki wayarsa ko da tsakar dare. Idan ya saɓa, a ƙara masa sharaɗi ko ya kwana kaɗan a gidan yari. Idan ya ci gaba da saɓawa, a mayar da shi kotun kowa da kowa ya karɓi hukuncinsa. Wanda ya kammala kuwa, ana iya soke tuhumar ko a sassauta ta.

Yanzu ga zuciyar tambayarka. Ba kai kaɗai ke wannan ƙorafi ba. A Amurkar ma wasu masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce bai dace a ware wani rukuni ba, alhali matar da aka yi wa fyaɗe ko yaron da ya tashi cikin harbe-harbe su ma suna da irin wannan ciwo. Maganarsu tana da nauyi. Sai dai ni ina ganin amsarta ita ce a faɗaɗa irin wannan kotu ga kowa, ba a rufe ta soja ba. Hukuma ce ta ɗauki matashin nan, ta koya masa harbi, ta tura shi inda ya ga abin da ya gani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kotun Ƙolin ƙasar ma ta amince da haka a 2009, a shari'ar George Porter, tsohon sojan yaƙin Koriya, inda ta ce hukuncin kisan da aka yanke masa a Florida ba zai tsaya ba, domin lauyansa bai gabatar wa kotu abin da yaƙi ya yi masa ba.

Abin da ya fi damuna daban ne. Sojan da ciwon ya fi ci shi ne wanda tun yana bariki ya fara shaye-shaye da rigima har aka kore shi da baƙar takarda. Irin wannan takarda takan hana shi samun magani a asibitocin tsofaffin sojoji, kotuna da dama kuma ba sa karɓarsa. Ga shi ba kowace gunduma ke da kotun ba. Sai kuma batun wanda aka zalunta: idan laifin dukan mata ne, bai kamata tausayin miji ya sa a manta da tsaron matar da 'ya'yanta ba.

Saboda haka, Malam, a ganina wannan ba son kai ba ne, bashi ne ake biya, kuma ba a gama biya ba. Mu ma sojojinmu sun shafe fiye da shekara goma suna fafatawa a Arewa maso Gabas. Ya kamata 'yan majalisa da alƙalanmu su tanadi hanyar da za a duba lafiyar ƙwaƙwalwar duk tsohon sojan da aka gurfanar, kafin a yanke masa hukunci.