Gidan Da Ke Gayyatar Sauro

Ya kai mai gida, kafin ka ɗora wa damina laifin zazzaɓin da ke kwantar da 'ya'yanka, zaga gidanka tukuna. Wani sauron da ke cizonku a bayan katangarka aka ƙyanƙyashe shi.

Fara da kududdufin da aka haƙa lokacin buga tubali. An ɗebi ƙasa, an tada ɗaki, an bar rami. Ruwan sama ya cika shi, rana ta ɗumama shi, sai macen sauron Anofilis, mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, ta zo ta zuba ƙwai. Idan ana zafi, cikin kamar kwana 10 ƙwan ya zama sauro mai fiffike. Ba ta ma buƙatar ruwa mai yawa, sawun kofaton saniya a turke ya ishe ta. Sauron kwatami da masai, mai hana barci da kuka, jinsinsa daban ne. Na randa marar murfi da tsohuwar taya kuwa shi ke yaɗa shawara.

Sai hanyar shiga. Mutane kan kulle ƙofa, su rufe taga, su manta da tazarar da ke tsakanin kan bango da rufin ciyawa ko na kwano. Ta nan warin jikin mai barci ke fita, ta nan macen Anofilis ma take biyo shi. Toshe wannan tazara da laka ba ya cin kuɗi, amma kada a toshe ta a ɗakin da ake hura wuta, hayaƙi ma cuta ne.

Wani zai ce ai feshi ya wadatar. A'a. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gwada wannan a ƙauyukan Garki, wadda ke jihar Jigawa a yau. An yi ta fesa magani a bangon ɗakuna, zazzaɓi ya ragu, amma bai ƙare ba, domin wani sauron yakan yi cizo ya fita waje ya huta, ba ya taɓa bangon.

Saboda haka a cike kududdufi kafin ruwa ya sauka, a rufe randa, a matsar da turke daga ƙofar ɗakin kwana. Gidan sauron da aka raba muku kuma a ɗaura shi kan gadon mai ciki da ƙananan yara, kada a kai shi lambu shingen tumatir.