Yadda Za Ka Gano Sunan Furen Iris Ta Hanyar Rumbunan Bayanai Na Intanet

Yau za mu duba yadda ake binciko sunan furen Iris, wanda aka fi shukawa a Turai, Asiya da Amurka. Jinsunansa na daji sun kai kusan 300, amma nau'ukan da masu lambu suka samar ta hanyar aure tsakanin furanni sun kai dubbai, kuma da yawansu kamanninsu ɗaya. Shi ya sa hoto kaɗai ba ya isa.

Mataki na 1: Tattara bayanai

Furen Iris yana da ganyen fure uku da ke miƙe sama, da uku da ke rataye ƙasa. Rubuta launin kowane kashi daban. Duba ko na ƙasan suna da wani layin gashi mai kama da gemu, ka rubuta launinsa. Auna tsayin karan: a cikin masu gemu, wanda ya haura santimita 70 yana rukunin dogaye. Sannan ka lura ko saiwarsa kamar citta take ko kamar albasa. Ɗauki hoto ta gaba, ta gefe da ta sama, a inuwa, domin kyamarar waya takan mayar da launin shunayya ya koma shuɗi.

Mataki na 2: Fara da manhaja

Ɗora hoton a Pl@ntNet, iNaturalist ko Google Lens. Waɗannan za su iya nuna maka jinsin furen, amma kada ka dogara da su wajen sunan nau'i. Hoton da ya fi kama da naka kawai suke kawowa.

Mataki na 3: Tace a rumbun bayanai

Shiga garden.org, ka buɗe sashen Iris, ka zaɓi bincike ta siffofi. Saka rukuni, launi da tsarin launin. Misali, idan ganyen sama farare ne na ƙasa kuma masu launi, sunan tsarin amoena. Idan farin fure ne mai ɗigo-ɗigo a bakinsa, plicata ke nan. Kowace siffa ka ƙara, jerin zai ragu.

Mataki na 4: Tantance

Ɗauki sunayen da suka rage zuwa wiki.irises.org, kundin American Iris Society, ƙungiyar da aka kafa a 1920 wadda ke rajistar nau'ukan Iris marasa saiwar albasa. A nan za ka ga wanda ya samar da nau'in, shekarar rajista da cikakkiyar siffarsa. Shekarar tana da amfani sosai: furen da ke lambu tun 1970 ba zai zama nau'in da aka yi wa rajista a 2005 ba. Idan tsohon fure ne, duba hotunan Historic Iris Preservation Society.

Gargaɗi

Ko da komai ya yi daidai, abin da ka samu hasashe ne mai ƙarfi. Masana sukan sayi nau'in da ake zato daga amintaccen mai sayarwa, su shuka shi kusa da nasu, su kwatanta idan sun yi fure. Kafin ka yi hakan, kada ka laƙaba masa suna ka raba wa mutane ko ka ɗora hotonsa a rumbu, domin kuskuren zai bi duk wanda ya yi bincike bayanka. Rubuta "ba a tantance ba" ya fi.