Darasin Uwargida: Ciyayya Da Gyaran Tukunya



Duk wadda ta taso a Gwarzo ko Kabo, ko garuruwanmu irin su Getso, Kutama da Garo, ta san ciyayya. Bayan magariba magidanta su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a fito wa kowa da kwanonsa, a haɗu a ci. Mu kuma a cikin gida ana ta aiken yara, wannan ta ɗanɗana miyar waccan. A Ingila da Amurka akwai masu haɗa ƙungiyar cin abincin dare, yau a gidan wannan, wani makon a gidan wancan, wasu don su koya wa juna girki mai ƙara lafiya. Da na ji labarin sai da na yi murmushi, don kakanninmu sun riga su. Abin da suka fi mu kawai shi ne sun sa wa zaman manufa.

Mu takwas ne a adashenmu. Da aka gano ɗaya daga cikinmu tana da hawan jini, aka ce ta rage gishiri, sai ta koma cin abinci ita kaɗai a ɗaki kamar wadda aka yi wa horo. Ba ta yi wata biyu ba ta koma tukunyar gida. Wannan ne ya sa muka yanke cewa duk ranar zubi, wadda za ta kwashe ita za ta yi girki, kowa ta kawo gudummawar cefane, kuma girkin ya zama wanda mai hawan jini za ta ci hankalinta kwance.

Gishiri muka fara kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ki lura, uwargida, wannan ya haɗa da na miya, na yaji, na biredi, da dunƙulen ɗanɗano, wanda shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. To, ƙirga dunƙule nawa kike murtsukewa a miyar kuka ɗaya, sannan ki bi da gishiri, maigida kuma ya barbaɗa yaji mai dunƙule a kai. Ba mu daina lokaci ɗaya ba, don yara za su yi bore. Kaɗan-kaɗan muka rage, muka ƙara daddawa, citta, tafarnuwa, albasa da busasshen kifi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Ɗan gishirin da za ki sa kuma ya zama mai aidin, wanda aka wajabta a Najeriya tun 1993 don maganin maƙoƙo. Ki ajiye shi a rufe.

Sai faranti. Ba sai kin sayo kayan gwangwani ba. Dawa, gero, masara, wake da gyaɗa a gonakinmu ake noma su. Hatsi in ya haɗu da wake suna cike wa juna abin da ke gina jiki, don haka garau-garau, ɗanwake da faten wake ba abincin talauci ba ne. Laifinmu shi ne tuwo kamar tudu, miya kamar an shafa. Hukumar da na ambata tana so a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Zogale, rama, alayyahu, kabewa, gwaiba, mangwaro a lokacinsa, duk suna cikin lissafi. Amma a sassauta wa kanwa, don tana kashe wasu bitamin ɗin ganye. Manja ma kada a soya shi har ya yi hayaƙi ya koɗe, jan nan nasa shi ne amfaninsa ga ido. Mai ciki kuma ta bar shan shayi a kan abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Lemo ya fi mata.

Inda na fi so mu tsaya shi ne rumbu, don ɓarnar can ba a ganinta a faranti. Gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke jawo dajin hanta. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Mu kuwa mai kyau muke kaiwa kasuwa, ƙwamusasshiya da mai ɗaci mu ce a yi ƙuli-ƙuli ko kunun yara, wai kada a yi asara. 'Yar uwa, a tsince a zubar. Haka waken da ake zuba wa maganin ƙwari: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka busasshiya mai murfin kirki, suna kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Ki faɗa wa maigida kafin kaka.

Ranar zama kuma, kada mutum takwas su tsoma hannu a kwano ɗaya da sunan wanki, ta ƙarshe dattin sauran take ɗauka. A zuba da buta, da sabulu. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye yana hucewa, ɗumame kuma a bar shi ya yi zafi har cikinsa. Latas da kabeji a wanke ganye-ganye da ruwa mai tsabta, wuƙar nama daban da ta salak.

Wadda likita ya ɗora a kan magani kada ta daina don ta gyara girki. 'Yar uwar tamu tana shan nata, tana zuwa awo. A zubi mai zuwa ita ce da tukunya, ta ce dambun gero da zogale za ta yi mana.