Yadda Ake Kare Fata Daga Kaushi da Faso a Lokacin Hunturu

Daga watan Nuwamba iskar hunturu kan taso daga Sahara, ta ratso Jamhuriyar Nijar, ta sauka a garuruwan bakin iyaka irin su Babura da Kanya Babba tun kafin ta isa Kano. Busasshiyar iska ce mai tsotse damshin duk abin da ta taɓa, har da jikin mutum. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙwauri ya yi fari fat, dunduniya ta dare.

Kafin a kai ga sabulu da mai, ya kamata a san abin da ake karewa. Fatar babban mutum, da za a shimfiɗa ta, ta kusa murabba'in mita 2, kuma hawa uku ce. Na sama, fuskarsa matattun ƙwayoyin halitta ne jere kamar tubali, maiƙo kuma shi ne laka da ta riƙe su. Wannan hawa shi ke hana ruwan jiki ƙafewa, ya hana ƙwayoyin cuta shiga, yana kuma sabunta kansa kusan duk mako 4. A na tsakiya ake samun hanyoyin jini, da jijiyoyin jin zafi da sanyi da taɓi, da saiwar gashi, da wuraren da gumi da maiƙo ke fitowa. Na ƙasa kitse ne mai riƙe ɗumi. Hunturu hawan sama yake wa ɓarna, can kuma aikinmu yake.

A fara da wanka. Ruwan ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, domin ruwan zafi yana wanke maiƙon da ake so a tsare. Kada a daɗe. Minti 5 zuwa 10 sun isa. Sabulu a taƙaita shi ga hamata, da matsematsi, da ƙafa. Garin sabulun wanki na tufafi ne, ba na jiki ba. Masu dirzar jiki da soso har sai fata ta yi ƙara, suna ganin tsabta ce, su ne kan kwana suna susa.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi kuskurewa. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki yake yi. Don haka ana fitowa daga wanka a ɗan tsane jiki da tawul, a shafa mai nan take tun da sauran damshi. Wanda ya bari sai jiki ya bushe ƙarau sannan ya shafa, ƙyalli kawai zai samu. Man kaɗanya ya wadatar, haka ma basilin. A murza shi a tafin hannu ya narke, a bi ƙwauri, da gwiwa, da gwiwar hannu, da tsakanin yatsu. Leɓe ma a shafa masa, a daina lasa, don miyau na bushewa ya bar shi ya fi da tsagewa.

Sai dunduniya, wadda ke da nata sha'ani. Fatarta ta fi ta ko'ina kauri, amma tafin ƙafa da tafin hannu ba su da wuraren fitar da maiƙo sam. Ga nauyin jiki, ga yashi, ga silifas mai buɗaɗɗen baya. Dole ta yi kaushi, kaushi kuma in ya yi kauri sai ya dare ya zama faso. Da dare a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti 10, a goge kaushin da dutse a hankali, kaɗan yau kaɗan gobe. A tsane, a cika tsagar da basilin, a sa safa a kwanta. Kada a yanke kaushi da reza, kada a ɗura baƙin mai a tsaga. Manomi mai sussuka ko mai aikin lambu ya nemi takalmi rufaffe. Bayan alwala ma, ɗan mai a dunduniya yana rage wahala ƙwarai.

Man bilicin kuwa a nisance shi. Da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, su rage baƙin launin da ke kare ta daga rana, har hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu.

Hunturu lokacin jin ɗumi ne, yara na kewaye wuta. In an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, kada kuma a fasa bororon.

Akwai inda dabarar gida ta ƙare. Faso mai jini ko ruwa, ko ƙafa ta kumbura ta yi zafi, sai asibiti. Mai ciwon suga kada ya jira ko kwana ɗaya, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, domin yakan ji rauni bai sani ba. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare ya kama 'yan gida ɗaya, wataƙila ƙazuwa ce, kuma kowa a gidan ake yi wa magani tare. Tabon da ya yi haske, aka taɓa ba a ji, yana iya zama farkon kuturta. Tana warkewa, maganinta kyauta ne. A je asibitin gari, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Babban Asibitin Babura ko na Kazaure.