Takardar Bashi ga Wanda Ya Tashi daga Gida

A gundumomin Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa da Minjibir, inda gona ke haɗe da gona, gidaje kuma ba su da lamba, takarda ba ta cika isa ga mai ita ba sai ta hannun Dagaci ko Mai Unguwa. Mutane kuwa ba su daina tashi ba. Wani ya tafi cin rani bai komo ba, wani ya sayar da gidansa ya koma Birni. Sai takardar banki, ko ta waɗanda suka ba da taki bashi, ko sammacin kotu, ta zo da sunan wanda ya tashi, ta iske wani dabam a zauren. Talaka ba ya ƙaunar ganin takarda mai hatimi. Saboda tsoro yakan soke ta a jinka ya yi shiru, ko ya sayar da akuya ya biya abin da bai ci ba.

Abin da ya kamata Hakimi ya fahimtar da Dagatansa shi ne, bashi yana wuyan wanda ya ci, ba ya zama a gida. Haka yake a fiƙihun Malikiyya da alƙalan Kano ke hukunci da shi, haka yake a dokar ƙasa. Bankuna ma mutum suke bi. Tun 2014 aka fara ba masu ajiya lambar BVN, a 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna ikon cire bashinsu daga ajiyar mai bashi a kowane banki.

Amma fa kada a yi gaggawar sallamar mai bin bashi, gama akwai inda maganar ke shafar na gida. Idan mazaunin gidan shi ya tsaya wa mai bashin lamuni, to, an kama shi. Idan mai bashin ya rasu, ana biya daga abin da ya bari tun ba a raba gado ba, kuma gidan yana cikin abin da ya bari. Sai dai ba a tilasta wa magada su cika daga aljihunsu. Wadda ta fi rikici ita ce jingina. Mutum yakan jinginar da gona ko gida, sa'an nan ya sayar wa wani bai faɗa ba. Irin wannan ba a yanke ta a zauren Dagaci, sai gaban alƙali da shaidu. Bashin da ɗa ya ci don gayaunarsa kuwa ba ya hawa kan uba don kawai sun yi gandu tare.

A zamanin En'e, Malamin Hakimi yana da jerin masu biyan haraji, wanda ya ƙaura a san da shi kowace shekara. Tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji a 1979 wannan lissafi ya faɗi. Saboda haka ya kyautu Malami ya ajiye littafi nasa: sunan wanda ya tashi, da na ubansa, da laƙabinsa, da shekarar tashinsa, da wanda ya shiga gidan. Sunan uba ba ƙaramin abu ba ne, domin unguwa guda takan tara Musa biyar.

Takardar da ke rufe amana ce, ba a buɗe ta. Malami ya rubuta a bayanta cewa mai sunan ya tashi, ya sa kwanan wata, a mayar wa wanda ya aiko, ya kuma shigar a littafi. Sammaci ya fi bukatar hanzari. Lalle a mayar da shi kotu da wasiƙar Hakimi tun ranar zama ba ta zo ba. In an yi shiru, ana iya yanke hukunci, ma'aikatan kotu su zo kama kaya, su tarar da rumbun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko da hakan ta auku, mai kayan yana da ikon kai kukansa kotun da shaidun cewa nasa ne, amma wahalar ta fi ta wasiƙa guda nesa ba kusa ba.

Idan an san inda mai bashin ya koma, kotu ta tambaya, wajibi ne a faɗa mata gaskiya. Idan kuwa ɗan aiken mai bin bashi ne ya tambaya, ya fi kyau Hakimi ya aika wa Hakimin wancan gari, a sanar da mutumin cewa ana nemansa.