Wayar Salula da Tasirinta ga Kasuwanci da Harshen Hausa

Gabatarwa

Masana ilimin walwalar harshe sun daɗe da nuna cewa harshe yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da rayuwar masu magana da shi. Duk lokacin da wani baƙon abu ya shigo cikin al'umma ya sauya mata hanyar neman abinci, to lalle ne ya bar sawunsa a cikin harshenta. Haka ta faru a ƙasar Hausa a lokacin fatauci da Larabawa, haka kuma ta faru da zuwan Turawa da jirgin ƙasa da rediyo. Wannan darasi zai dubi wayar salula, wadda ita ce fasahar da ta fi kowace ratsa birane da ƙauyuka tun daga farkon wannan ƙarni, domin ɗalibi mai koyon aikin malanta ya fahimci yadda ta taɓa kasuwa da kuma yadda ta taɓa harshen da zai koyar.

Shigowar wayar salula

Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu na kamfanin gwamnati ne, wato NITEL. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dalar Amurka miliyan 285 kowane ɗaya. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara. A farkon lamari sai masu hannu da shuni ke iya mallakar layi, kuma ana cajin kira ne a kan minti, ko da mutum gaisuwa kawai ya yi ya kashe. Da kamfanin Globacom ya shigo a 2003 da tsarin caji a kan daƙiƙa, sai gasa ta karya farashi. Yawan layuka ya haura miliyan 100 a 2012, ya kuma haura miliyan 200 a 2020, kodayake ya ragu daga baya sa'ad da aka rufe layukan da ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ba.

Tasirinta ga kasuwanci

Babban jarin falke a da, bayan kuɗi da amana, shi ne labari. Wanda ya riga sanin cewa gero ya yi tsada a wata kasuwa, shi ke cin riba. Samun wannan labari kuwa yana buƙatar tafiya ko aika yaro ko dogaro da dillali da direban mota. Wayar salula ta mayar da tafiyar yini guda ta zama kiran minti biyu, ta yadda ɗan kasuwar hatsi a Dawanau zai san farashin Maraɗi ko na Legas tun kafin ya ɗora buhu ko ɗaya a mota.

Akwai bincike da ya auna wannan lamari a ƙasa mai yawan Hausawa. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta nazarci kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, wato shekarun da sabis ke isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya. A sakamakon da ta wallafa a 2010 ta nuna cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da dakon kaya a tsakaninsu ke da tsada. Dalilin a fili yake: idan fatake suka ji labarin tsada a wani wuri sai su kai kaya can, farashin wurin ya sauka, na inda aka ɗebo kuma ya ɗan ɗaga. Sai dai bai kamata a ɗauka cewa kowa ya amfana daidai wa daida ba. Manomin da bashi ya tilasta wa sayar da amfaninsa da kaka, sanin farashin birni ba zai hana shi sayarwa da araha ba, domin ba shi da rumbun ajiya mai ɗorewa, ba shi kuma da kuɗin mota.

Mataki na biyu shi ne lokacin da kuɗi da kansu suka shiga cikin waya. A Kenya kamfanin Safaricom ya fara tsarin M-Pesa a 2007. A Nijeriya Babban Banki ya soma gwada tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, amma abin da ya tura talaka ga tiransifa ala tilas shi ne sauyin fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a watan Oktoba na 2022. Ƙarancin kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023 ya sa har mai shayi da mai nama suka buɗe asusu, masu dabbobi a kasuwannin ƙauye kuwa da yawa suka sayar da hasara saboda ba su da asusu ko kuma babu sabis. Sana'o'i sun mutu, wasu sun haihu. Masu rumfar buga waya da suka cika tituna a shekarun farko sun ɓace, sai ga masu gyaran waya da masu cajin batir da 'yan POS. Kasuwar kaset da faifan finafinan Hausa ta durƙushe, masu shirya finafinai suka koma YouTube. Matan aure da dama suna sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp daga cikin ɗakunansu, abin da a da sai ta hannun dillaliya ko 'yar talla.

Dogaron da aka yi da waya ya fito sarari a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sabis a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Ciniki ya tsaya cik a wurare da yawa, mutane suka riƙa tafiya maƙwabtan jihohi don kiran 'yan'uwa ko tura kuɗi.

Tasirinta ga harshe

Nan ne darasin ya fi shafar malamin Hausa. Hanya ta farko da harshe ya bi wajen karɓar wannan fasaha ita ce faɗaɗa ma'ana. Kalmar waya asalinta aro ce daga Ingilishi, da ma'anar siririn ƙarfe. Daga nan ta ɗauki ma'anar saƙon tangaraho, har aka samu gidan waya, sannan ta koma kan tarho. A yau ana kiran na'urar da ba ta da waya ko ɗaya da sunan waya, kuma babu Bahaushen da ke ganin wani saɓani a ciki. Haka kalmomin tura da shafi da layi da manhaja suka sami sababbin ma'anoni.

Hanya ta biyu ita ce aro tare da Hausantarwa. Da yake gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, sai a saƙa wasali a tsakaninsu, kamar a tiransifa da filashin. Da yake kuma yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, sai a ƙara shi a ƙarshe, kamar a kati da caji. Hausawan Nijar kuwa daga Faransanci suke aro, shi ya sa abin da Bakano ke kira sabis, mutumin Damagaram ke ce masa rezo. Hanya ta uku ita ce ƙirƙira, wadda gidajen rediyo suka fi taka rawa a cikinta: yanar gizo, saƙon kar-ta-kwana, kafafen sada zumunta, da ƙirƙirarriyar basira. Abin lura shi ne ba kowace ƙirƙira ke samun karɓuwa ba. Saƙon kar-ta-kwana ya tsaya a bakin 'yan jarida, amma a kasuwa tes ake cewa.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne ƙa'idojin rubutu. Wayoyin farko ba su da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar a rubutun boko tun shekarun 1930. Sai matasa suka saba da rubuta kafa a madadin ƙafa, baki a madadin baƙi, kasa a madadin ƙasa, wasu kuma suka riƙa sa q a gurbin ƙ da x a gurbin z. Tsadar saƙo da ƙarancin gurbin haruffa sun haifar da taƙaitawa irin slm da lfy da ngd. Wayoyin yanzu suna da allon rubutu na Hausa, don haka uzurin ya kau, amma sabon ya zauna, kuma yana bin ɗalibai har cikin takardar jarrabawa, tare da kurakuran haɗa kalmomi da raba su.

Wannan sakaci yana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. Manhajar Google Translate ta shigar da Hausa a 2013, kuma tun daga 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suka bazu. Irin waɗannan manhajoji suna koyon harshe ne daga tarin rubuce-rubucen da suka tarar a intanet. Idan mafi yawan Hausar da ke can gurɓatacciya ce, gurɓatacciya za su koya, ita kuma za su mayar wa ɗalibin da ya tambaye su. Hana ɗalibai amfani da waya ba zai magance wannan ba. Abin da ya fi dacewa shi ne malami ya koya musu saka allon rubutun Hausa a wayoyinsu, ya kuma riƙa kawo ainihin saƙonnin tallan da ke yawo a gari cikin aji a gyara su tare, bayan an cire sunaye da lambobin masu su.

Auna fahimta

Ɗalibi ya ziyarci kasuwa mafi kusa da shi, ya tattaro kalmomi goma sha biyar da suka shafi waya da hada-hadar kuɗi kamar yadda 'yan kasuwa ke furta su, ya rarraba su zuwa aro da faɗaɗa ma'ana da ƙirƙira, sannan ya bayyana sauyin sautin da ya auku a kowace kalmar aro.